Matar da Ke Tura Keken da Babu Kowa a Ciki

Ƙarfe bakwai da rabi take isowa ofis, kafin mai shara ya gama da baranda. Ta kunna kwamfuta, ta buɗe jerin gidajen hayar da dillalai suka turo jiya. Ba ruwanta da kyan falo, ƙofofi take leƙawa. Goma na bugawa sai ta rataya tef ɗin awo a wuya kamar tela, ta jawo wani tsohon keken guragu daga bayan kabad, ta fita da shi titi. Ƙafafunta lafiya lau. Keken kuwa babu kowa a ciki.

Shekara goma sha huɗu ke nan ana ganinta haka. Masu shagunan layin sun sa mata Iya Mai Keke. Wani mai faci ya rantse mini cewa akwai wanda take turawa, mu ne ba ma ganinsa. Da na ji ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, sai na bi sawun keken.

Ofishinsu shi ke riƙe da wani shafin neman gidan haya a intanet. Wanda ya taɓa shiga ya san ƙananan akwatunan da ake dannawa: unguwa, ɗaki nawa, sama ko ƙasa, akwai ruwa ko babu. Can ƙasa akwai guda da yawancinmu ke tsallakewa: “Keken guragu yana shiga har banɗaki.”

“Wata bakwai ta yi tana bina kan akwatin nan,” in ji injiniyan shafin. “Na ce, Iya, mutum nawa ne za su danna shi? Ta ce ko mutum ɗaya ne, ai shi ba shi da wani akwatin.”

A bara mutum ɗayan ya zo. Direban bas ne. Matarsa malamar firamare ce, hatsarin mota ya taɓa mata ƙashin baya, kuma likita ya ce ranar Juma'a za a sallame ta. Gidansu yana hawa na uku.

“Ta kalle ni ta ce, Baban yara, kada ka mayar da ni inda za a riƙa ɗaukata kamar buhu,” in ji direban. “Ranar Litinin ke nan. Na zauna a bencin asibiti da waya. Gida dubu huɗu a shafin, ina zan fara? Da na danna akwatin nan sai suka koma uku. Wallahi sai da na ji numfashina ya dawo.”

Ya zaɓi ɗaya. Ranar Laraba yana gaban dillali, biro a hannu, wayarsa ta yi ƙara.

“Ɗana, ka sa hannu?”

“Yanzu zan sa. Wa ke magana?”

“Wadda ta yi maka kuskure. Ajiye biron, ga ni nan.”

Abin da ya faru shi ne, makon da aka sa gidan a shafi Iya tana fama da zazzaɓi, sai ta yarda da awon da dillalin ya turo, ba ta je da kanta ba. Da ta ga an nemi gidan, ta sake buɗe hoton banɗakin, ta hango gefen kwamin wanke hannu a bayan ƙofa. Dillalai kuwa ƙofa a rufe suke aunawa, daga katako zuwa katako. Ba sa lura cewa in an buɗe ta kaurinta yana cin inci biyu, balle a ce akwai abin da ke tokare ta.

Ta iso da kekenta. Dillalin ya haɗe rai.

“Haba Iya, ni fa na auna. Inci talatin cif!”

“Na yarda. Zauna.”

“Da ƙafafuna?”

“Zauna, yau kai ne Malama.”

Ya zauna, ya tura kansa. Ya wuce ƙofar gida, ya wuce ta ɗaki. A bakin banɗaki taya ta cije. Ya yi gaba, ya yi baya, ya ƙuje yatsu.

“To, Malama,” in ji Iya, “ga shi ya matse ki, mijinki yana tasha. Wa za ki kira?”

Dillalin ya tashi daga keken.

Saura gida biyu. Ɗaya an riga an kama. Ɗayan sabuwar kwata ce aka haƙa a ƙofarsa bayan an auna shi, da ɗan siririn katako a kai. Gari ya waye Alhamis direba ba shi da inda zai kai matarsa.

A nan ne abokan aikin Iya suka ga abin da har yau suke labari. Ta cire alamar da ke kan akwatin nata, tunda gidajen da aka auna kawai yake nunawa. Ta danna “ƙasa”, ta danna “babu dokin ƙofa”, ta danna unguwannin da ke kusa da asibitin. Gida sittin. A wurin rubutu ta sa “tsohon shago”, don ta san mai shago ba ya yin ƙaramar ƙofa. Suka koma biyar. Na huɗun tsohon ɗakin shan magani ne da aka mayar gida, ba wanda ya taɓa auna shi. Kafin la'asar ta zaunar da direban a keke, ta ce ya shiga banɗaki, ya juya, ya fito. Ya shiga, ya juya, ya fito yana dariya da hawaye.

Ranar Juma'a Malama ta hana kowa taɓa kekenta. Ta tura kanta har cikin banɗaki, ta mayar da ƙofa, ta sa sakata.

“Ƙarar sakatar nan,” in ji direban, “ban taɓa jin abu mai daɗinta ba.”

Sai a ƙarshe na tambayi Iya keken na wane ne. Ta shafa hannun keken da ya koɗe.

“Na maigidana ne, Allah ya ji ƙansa. Shekara tara yana ciki. Ƙofar banɗakinmu ta gaza da inci biyu, mai gidan ya hana a fasa. Ni da ƙaninsa muke ɗaukarsa. Bai taɓa ƙorafi ba. Sai daga baya na gane ya rage shan ruwa ne don kada ya riƙa kiranmu.”

Iya Mai Keke, ke ce kika mayar da inci biyu aikin rayuwarki. Ke ce kika kira baƙo da bakinki kika ce kin yi kuskure, alhali ba mai tuhumarki. Akwai mutanen da ke rufe ƙofa da hannunsu yau, ba su san fuskarki ba. A madadinsu, mun gode. Allah ya ba ki hutu mai daɗi, ya sa ladan ya isa ga mai keken.

Ta ce a ofis za ta bar keken. Wanda ya fara zuwa neman aronsa dillalin nan ne da ya maƙale.

Saura ku, dillalai da masu gidaje da masu haɗa irin waɗannan shafuka. Akwatin da kuke ganin ba mai dannawa, wani yana bencin asibiti yana nemansa. Ku buɗe ƙofar kafin ku auna. In da hali, ku zauna a keken.