Hayaƙi a Gemun Baba

Yayana ya zubar min da haƙori a soron gidanmu na unguwar Mandawari, ranar wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Mun saba dambe ni da shi tun muna yara, shi da ƙarfi, ni da baki da taurin kai. Amma ran nan ne na fara ganin yana neman raina da gaske, kuma da gaskiyarsa.

Abin ya samo asali ne a wani garin bakin teku can arewacin Birtaniya, inda na je karatu na zarce da aiki. Wata yamma wasu samari biyu suka tare ni a tashar bas. Ɗaya ya kira ni da wani suna, ni kuma tun ina yaro ban iya haɗiye magana ba, na mayar masa da wanda ya fi nasa ɗaci. Suka kayar da ni a kan kwalta suka yi ta shurina a haƙarƙari. Na samu na cafko kunnen ɗaya na gartsa masa cizo, ban saki ba sai da na ji gishirin jininsa a bakina. Na koma gida da fasasshiyar gira, jini har cikin kwalar riga.

Mai gidan da nake haya wani tsohon masunci ne marar son magana. Bai tambaye ni komai ba. Ya zaunar da ni, ya ɗauko wata kwalba daga kabad, ya jiƙa auduga ya danna min a kan ciwon. Na zage shi da Hausa, zagi na uwa da uba, ya gyaɗa kai kamar ya ji. Sannan ya tsiyaya kaɗan a wani ƙaramin kofi mai tsukakken baki ya tura min gabana.

Ni ɗan masu turare ne. Kakanninmu sun ƙetaro sahara da fatauci suka zauna cikin birni, kuma tun daga su har mahaifina turare muke sayarwa. A gidanmu ba a kai abu baki sai hanci ya gama da shi. Da na kai kofin hanci sai na ji madafin gwaggona a tsakiyar damina, itace ya jiƙe yana ta tuƙa hayaƙi, bango ya yi baƙi ƙirin. Ƙarƙashin hayaƙin akwai aidin irin na asibiti, akwai gishiri, can baya kuma wani zaƙi kamar na dabinon da ya daɗe a buhu. Shekara biyu rabona da gida, ban taɓa jin kewa ta shaƙe ni kamar a wannan lokacin ba.

Na san giya ce, na san haramun ce, ba wanda ya yaudare ni. Na kurɓa. Ta ƙona min maƙogwaro, ta sauka ƙirji kamar na haɗiyi garwashi, hawaye suka zubo min. Da zafin ya lafa sai hayaƙin ya dawo ta hanci, ya zauna ya ƙi tafiya.

A hankali tsohon ya koya min abin da ya sani. Wiski ce, amma ba irin wadda ake gaurayawa ba. Daga tsiron sha'ir zalla ake yin ta, a masana'anta ɗaya. Hayaƙin kuwa na wata baƙar ƙasa ce da suke yankowa daga fadama kamar tubali, su shanya ta, su ƙona ta a ƙarƙashin tsiron. Daga nan sai ta yi shekaru a gangar itace. Ya hana ni sa mata ƙanƙara, ya ce ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya buɗe ta. Na fara bin kantuna ina neman masu hayaƙin, waɗanda a tsibiran yankin ake yin yawancinsu, har na kai ina bambance ta wannan tsibiri da ta wancan ido a rufe. Kwalba ɗaya takan yi min watanni, don shinshinawar ta fi shan yawa. Ba hujja nake kafawa ba, yadda aka yi nake faɗa.

Da na tashi dawowa gida gaba ɗaya na kasa barin ta. Na kuma san al'adar gidanmu: jakar matafiyi ba tasa ba ce. Gwaggo, ƙanwar Baba da ta riƙe mu bayan rasuwar mahaifiyarmu, ita ke zazzage ta a tsakar gida ta raba tsaraba. Kwalba mai takarda a jiki ba za ta tsira ba. Sai na yi wayo. Akwai wata kwalbar turare ruwan ƙasa mai murfin gilashi da Baba ya cika min ranar da zan tafi. Na wanke ta tas, na juye wadda na fi so a ciki, na cusa cikin safa. Ni da aka haifa a wannan gida, na rasa inda zan ɓoye giya sai kwalbar turare.

Ranar Alhamis na sauka. Gwaggo na ganin kwalbar ta ce ga tsarabar Baba, kafin in buɗe baki ta yi turakarsa da ita. Na yi niyyar ɗauke ta da safe, na tarar ya kulle ta a akwati.

Duk Juma'a kafin a tafi masallaci Baba kan zauna a soro a kan tabarma, dattijan lungunmu su biyo ya shafa musu turare. Su bakwai ne a lokacin, har da wani amininsa da ke takowa daga unguwar Zaitawa. In sabon turare ya shigo gari, a nan ake yanke masa hukunci, abin da Baba ya faɗa kuwa shi kasuwa ke bi. Yana da ƙa'ida guda: ba ya shinshina bakin kwalba. Yakan ce kwalba maƙaryaciya ce, turare ba ya faɗin gaskiya sai a fata da tufa.

Ina tsaye a bakin ƙofa ya cire murfin. Ya tsiyaya a tafin hannu, ya murza, ya shafe gemunsa da wuyan babbar rigarsa. Ya bi dattijan ɗaya bayan ɗaya yana zuba musu. Wani ya yamutsa fuska ya ce yana da kaifi. Baba ya ce a bar sifirit ɗin ya tashi, haka turaren Turawa yake. Ya rufe ido ya shaƙi tafin hannunsa.

"Akwai hayaƙi," in ji shi, "amma ba na itace ba ne, na ƙasa ne. Akwai teku. Ya daɗe a cikin itace, itacen kuma ya taɓa riƙe wani abu mai zaƙi. Wanda ya haɗa wannan ya san aikinsa."

Ya buɗe ido ya dube ni. "Ashe kai ne ka ɗauko hancin gidan nan."

Tun da nake Baba bai taɓa yaba min ba. Ni ne ɗan da ya gudu ya bar sana'a. Maganar ta yi min daɗin da ban taɓa ji ba, kuma saboda daɗin nan na ja bakina na yi shiru. Na bi bayansa zuwa masallaci, na tsaya kusa da shi a sahu. Duk sujadar da muka yi ina jin hayaƙin yana tashi daga gemunsa.

Da muka dawo ya miƙa wa yayana kwalbar, ya ce a binciko masu yin sa a yi odar shago. Yayana ne ke riƙe da shagon, shi kuma hanyarsa ta gane algus daban ce, ɗigo yake sawa a harshe. Ya ɗiga, ya tsotsa, fuskarsa ta canza. Ya tambaye ni a hankali mene ne wannan. Da na sunkuyar da kai wataƙila da abin ya zo da sauƙi. Sai bakina ya riga ni, na ce shi zai gaya min, tunda harshensa ya gane ta.

Ban ga tahowar hannunsa ba. Na ji ƙeyata ta bugu da bango, bakina ya cika da jini da wani abu mai tauri, na tofar na ga haƙorina ne. Ya maka kwalbar da dakali ta tarwatse, soron ya turnuƙe da warin hayaƙi. Ya shaƙe ni da hannu biyu yana buga kaina da ƙasa, yana cewa na sa ubanmu ya yi salla da najasa. Na fara ganin duhu. Na tattara ƙarfina na gwabza masa goshi a hanci, na ji ƙashin ya ba da ƙara. Muka yi ta birgima a kan fasasshiyar kwalbar, tana yankar mu ba ma ji. Na samu wani tsinin gilashi a hannuna, kuma wallahi na ɗaga shi. Gwaggo ce ta fito da muciya ta sauke min a wuyan hannu, ta juya ta rafka wa yayana a gadon baya, tana kuka tana dukanmu.

Baba bai motsa daga tabarmarsa ba. Da ya ce ya isa, a hankali ya faɗa, amma duk muka tsaya.

"Giya ce?"

"Giya ce, Baba."

"Ka sani lokacin da nake shafawa?"

"Na sani."

Ya tuɓe babbar rigar ya ajiye gefe. Ya sa aka kawo buta da sabulu, ya wanke gemunsa sau uku a nan gabanmu, yana dirzawa har fatar ta yi ja. Ya sake tufa ya rama sallarsa. Na zauna ina jiran ya kore ni daga gidan, har na fara tunanin inda zan nufa. Sai ya ce in wanke jinin fuskata in zo in raka shi.

Gida-gida muka bi dattijan nan bakwai, cikin zafin rana, shi da sandarsa ni a bayansa da kumburarren baki. Kowane gida sai ya yi sallama, mai gidan ya fito, Baba ya faɗi magana ɗaya ba ragi ba ƙari.

"Malam, turaren da na shafa maka ɗazu akwai najasa a ciki. A wanke riga, a rama salla. Laifina ne, hancina ya tsufa."

Su dubi bakina, su dubi Baba, ba wanda ya yi tambaya. A gida na huɗu na kasa jurewa. Na matso na fara cewa ba haka aka yi ba, ni ne. Baba ya juyo ya zabga min sandar a ƙwauri da duk ƙarfinsa, sai da na durƙusa. Shi ne duka na farko da na ƙarshe da ya taɓa yi min. Ya ce ba da ni ake magana ba, ya juya ya ƙarasa ba wa mutumin haƙuri. Muka taka har Zaitawa ina ɗingishi, ya maimaita wa amininsa na shekara hamsin cewa hancinsa ya tsufa.

Bai kore ni ba, bai kuma sake tayar min da zancen ba. Juma'ar da ta biyo baya dattijan suka zo soro kamar kullum, suka tarar ba a shimfiɗa tabarma ba. Suka ɗan tsaya, sai yayana ya fito da filasta a hanci, ya fesa musu wani turaren kanti, suka wuce. Baba ya ƙara shekara huɗu a duniya. Ko masu kawo kaya daga nesa sun roƙe shi ya duba musu sabon turare, sai ya ce su kai wa yara a shago.