Baba Ashafa da Keken da Babu Zare

Mahaifina, Malam Ashafa tela, mutum ne da bai iya zama ba. Na san abin dariya ne a faɗi haka a kan tela, tunda sana'ar duk zama ce, amma ko a zaune yake ƙafafunsa suna kan fedar keke, hannunsa yana kan almakashi, bakinsa kuma yana kan duk wanda ya gifta ta ƙofar shago. Bagwandare ne ɗan Arikya. Da fartanya ya tashi, ya koyi ɗinki da girmansa, a shekarar 1976 ya buɗe shago a garin Lafiya kusa da tashar mota. Kakin 'yan makaranta, rigunan salla, ankon matan coci, babu wanda yake mayarwa. Babu kuma wanda ya taɓa karɓar kayansa a ranar da Baba ya ce. Idan ya ce gobe, ka ba shi mako guda. Mutane su yi ta faɗa, shi yana dariya, su tafi su dawo da wani yadin.

A daminar 1984 yana dawowa daga gonarsa ta Arikya a kan keken hawa, taya ta zame a bakin wani kwalbati, ƙafarsa ta dama ta karye ƙasan gwiwa. Wani mai ɗori daga Akurba ya ɗaure ta, kuma gaskiya ya iya aikinsa, domin cikin wata biyu ƙashi ya kama. Sai dai da aka kwance ɗaurin, gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa, idon sawu ya sandare, ga wani ciwon baya da ya zo ya yi masa zaman dirshan.

A nan ne ni na shigo, kuma ba abin alfahari zan faɗa ba. Ni ne Babandi, ɗansa na fari, lokacin ina koyarwa a firamare, shekarata talatin da ɗaya. A gidanmu an rene mu da cewa abin kunya ne uba ya sunkuya ɗansa yana tsaye. To ni na ɗauki wannan tarbiyya na kai ta ƙarshe. Buta ni nake miƙa masa. Takalmi ni nake sa masa. Idan ya motsa zai gyara filo, kafin hannunsa ya kai na riga shi. Da na gane yana satar tashi idan na tafi makaranta, sai na ɗauke sandarsa na ɗora a saman kabad, na kuma ce wa mahaifiyata, Inna Jumai, kada ta kuskura ta sauko masa da ita. 'Yan dubiya kuwa kullum gidan cike yake, kuma bakinsu ɗaya: “Malam, a huta. Kai ka yi naka, yanzu lokacin 'ya'ya ne.” Suna fita suna yaba ni, ni kuma kaina yana ƙara girma.

Wata takwas Baba yana hutawa. Ya fara salla a zaune, daga baya wata rana a kwance. Ƙafar ta rame ta koma kamar muciya. Ciwon da muke cewa hutu zai kore shi sai ƙaruwa yake, har ya hau kafaɗa da wuya. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne shirunsa. Mutumin da ko kaza ta wuce sai ya tsokane ta, ya koma kallon rufin ɗaki. Wata ranar Juma'a ya kira ni ya ce, “Babandi, ka ɗauko keken ɗinkin nan daga shago ka aika wa ɗan ƙanena a Agyaragu. Ni dai na gama.” Na amsa da to, na fita bayan gida na tsaya. Ranar na fara tsoron cewa a kan tabarmar nan Baba zai ƙare.

Washegari ina tsakar gida ina naɗe kan keken da buhu, sai ga Madam Hembadoon. Ita 'yar Tibi ce, shugabar zumuntar mata a cocinsu, shekara da shekaru Baba ke ɗinka musu anko. A asibiti take aiki, a ɗakin da ake koya wa masu karaya da masu shanyewar ɓarin jiki tafiya. Ta ce wani tela ne ya ɓata musu yadi, shi ya tuna mata da Baba, ta zo ta gan shi. Ta gaishe da Inna, ta shiga ɗakin, ta durƙusa ta yaye mayafin da ke kan ƙafar, ta daɗe tana kallo.

“Baba Tela, ɗaga shi in gani,” in ji ta.

Baba ya yunƙura, fuskarsa ta yamutse. Ni kuwa tuni na kai hannu zan tallafa. Sai na ji ta doke mini hannu, duka na gaske, irin wanda nake yi wa 'yan aji uku.

“Ticha, cire hannun ka! Ƙafan nan bai mutu ba. Ku ne kun sa shi ya manta aikin shi.”

Raina ya ɓaci matuƙa. Na ce mata, “Madam, ubana ne fa. Kina so in tsaya ina kallon sa yana shan wahala?”

“E, haka ina so,” ta ce. “Shekara sha biyu ina wannan aiki, ina lura. Mutum biyu za su zo, karaya iri ɗaya. Wanda ba shi da kowa, dole ya ja jiki ya je bayi da kan shi, wata huɗu ka gan shi a gona. Wanda yana da yara goma, ana riƙe shi kamar ƙwai, shi ne ya ke daɗewa a kwance. Abeg, don Allah Ticha, ba ƙiyayya ne ya kwantar da Baba ba.”

Ba ta ƙarasa ba, kuma ba sai ta ƙarasa ba. Na rasa inda zan sa idona.

Amma ba ta yi garaje ba. Ta ce ita ba ta wasa da ƙashi, sai an ɗauki hoton ƙafar likita ya gani. Ranar Litinin muka kai shi, likita ya ce ƙashi ya haɗe sarai. Da yamma ta dawo gidan, ta sa na kwance buhun da na naɗe keken, na kafa shi a barandar tsakar gida. Ta cire allura, ta zare igiyar da ke haɗa feda da kan keke, ya zama fedar babu nauyin komai a kanta. Muka zaunar da Baba a kujera, ta ɗora ƙafafunsa biyu ta ce ya taka, mai lafiyar ta riƙa jan marar lafiyar. Ta ce masa zafi iri biyu ne. Akwai mai ja, irin na wanda ya daɗe bai yi noma ba ya koma gona, wannan ya daure masa. Akwai mai suka, wannan ya tsaya nan take. Minti biyar da safe, minti biyar da yamma, kada ya ƙara don jarumta.

Baba ya taka. Fedar ta yi ƙasa, ta dawo da ƙyar. Gumi ya karyo masa, hawaye suka biyo baya. Inna ta shige ɗaki tana cewa wannan ai azaba ce. Ni ma na so in ce a bari, amma zafin dukan da na sha bai gama barin hannuna ba.

Unguwa kuwa ba ta ɓoye labari. Cikin mako guda zance ya zaga cewa ciwon Malam Ashafa ya taɓa kansa, yana zama yana ɗinki babu zare babu yadi. Maƙwabcinmu Nababa, wanda ya fi kowa zuwa dubiya da cewa a huta, ya shigo wata safiya da garwashi a kasko da wani ƙullin turare na korar iska. Ya tsaya daga nesa yana kallon Baba yana taka keke. Baba ya dube shi, ya tsayar da ƙafa, ya ɗaga hannu biyu sama kamar yana riƙe da riga a kafaɗu, ya karkaɗe ta, ya ce, “Yawwa Nababa, ga taka na gama. Zo ka gwada mu ga wuyan.” Nababa ya ajiye kaskon ya yi waje ko sallama babu. Baba ya yi dariya har da tari, Inna ma da take leƙe ta labule ta kasa riƙe tata. Rabon da in ji wannan dariya tun kafin faɗuwarsa.

A mako na uku Madam ta mayar da igiyar, keken ya yi nauyi. Daga nan allura da tsohuwar jarida, sai atamfa, sai kaki ninki huɗu. Ta ƙara masa tashi da zama daga kujera sau goma, da tafiya zuwa gindin mangwaron ƙofar gida. Sandar da na ɓoye, da kaina na hau kujera na sauko da ita, Baba yana kallona. Ba kullum abin ke tafiya daidai ba. Akwai lokacin da ya saci ƙarin rabin awa don ya ji daɗin jikinsa, gwiwa ta kumbura suntum. Na je har gidan Madam ina huci, na ce ga abin da ta jawo. Ta saurare ni na gama, ta ce ya huta kwana biyu, ya koma a rabin abin da yake yi. Kwana biyu, ta maimaita, ba wata takwas ba. Ni kuma ta kafa mini tawa dokar: in tsaya kusa da shi ko zai faɗi, amma kada in taɓa shi sai ya kira sunana.

Ciwon bai rabu da shi gaba ɗaya ba, kada in yi ƙarya. Idan damina ta yi nisa gwiwar takan tuna masa, kuma har ya rasu yana ɗan ɗingishi. Amma ya koma shago, ya ƙara shekara goma sha ɗaya yana ɗinki, har shekarar da Lafiya ta zama babban birnin jiha. Duk wanda ya zo masa da kukan ciwon baya ko gwiwa, sai ya tura shi wurin Madam, ya ce ya je da shirin shan faɗa.

Cikin duk shekarun nan, rana ɗaya ce ba ta barin zuciyata. Wata biyar da fara taka keken, Baba ya ce zai je masallacin Juma'a da ƙafarsa. Muka fita da wuri, duk da haka sai a waje muka sami wuri, muka shimfiɗa tabarma a bakin titi. Ya yi sallarsa a zaune, ƙafar dama a miƙe. Da aka idar, mutane suka fara watsewa, ya zama dole ya tashi daga ƙasa. A gida daga kujera yake tashi, daga ƙasa kuwa sau biyu kacal ya taɓa yi, shi ma da kama bango. A nan babu bango.

Ya dafa sandarsa ya yunƙura, ya koma. Ni ina tsaye a kansa, hannuwana a cikin aljihun riga, na damƙe su don kada su fita. Ya sake yunƙurawa, sandar ta zame, ya zauna daɓas. Mutane suka fara tsayawa. Wani dattijo ya dube ni sama da ƙasa ya ce, “Kai, wane irin ɗa ne kai? Ba ubanka ba ne? Kama shi mana!” Wani ya ce ai 'yan boko ke nan. Wani bawan Allah ya sunkuya zai ɗaga shi, na riƙe hannunsa na ce, “Don Allah Malam, bar shi.” Kallon da ya yi mini, da ƙasa za ta tsage da na shige. Kunya ta rufe ni har kunnuwana suna zafi, ina ta jira in ji Baba ya kira sunana, ina kuma roƙon Allah kada ya kira.

Bai kira ba. Ya juya ya durƙusa a kan gwiwar hagu, ya kafa tafin ƙafar dama a ƙasa, ya kafe sandar, ya ja numfashi. Jikinsa duk yana rawa, ya taso a hankali, a hankali, har ya miƙe. Ya tsaya yana haki, ya gyara hularsa da kansa. Dattijon nan ya yi tsaki ya wuce yana girgiza kai.

Na sunkuya ina naɗe tabarma don kada a ga idona. Sai na ji tafin hannun Baba a kaina. Na ɗauka jingina zai yi, na tsaya cak, amma babu nauyi a hannun ko kaɗan. Ya ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji, “Babandi, Allah ya yi maka albarka.”

Wata takwas ina miƙa masa buta ina sa masa takalmi, kullum yana ce mini sannu. Albarkar sai ranar da na tsaya a gaban jama'a na ƙi taɓa shi ya sa mini ita.