Jirgin da Awaki Suka Ƙi Ci

Kakata ta wajen uwa tana zaune a Bungudu, kuma mazanta biyu ne: ni da ɗan kawuna. Wasan jika da kaka ne, amma ni ban taɓa ɗaukarsa da wasa ba, domin duk Sallah takan yanka zabo, ta ɓoye cinya a ƙasan akushi ta ba wanda take kira maigida. Tun da na yi wayo ni ke cin wannan cinya. Taubashin nawa, wanda a gidanta yake kwana yake tashi, fuffuke yake samu.

Bakina ne ya jawo mini. Gab da azumin bara na je gaishe ta, na zauna ina ba ta labarin jirgin ƙasa, don gidanmu a Gusau bayan tasha yake. Na ce mata kansa kan shigo Gusau wutsiyarsa ba ta bar Tsafe ba, in kuwa ya yi kuka kaji kan daina ƙwai sai an ba su haƙuri. Ta ce ita ba ta taɓa ganinsa ba, gwiwoyinta kuma ba za su kai ta ba. Nan take na bugi ƙirji na ce ranar Sallah zan kawo mata shi har ƙofar ɗaki, da hayaƙinsa.

"To maigida, na jiya," in ji ta. "In ba ka kawo shi ba aurenmu ya mutu, cinya ta koma wurin wanga."

Taubashina ya dube ni ya lashe baki.

Ina komawa Gusau na zama ɗan bola. Kwalayen sukarin da ake buɗa-baki da shi su ne taragu. Takardar siminti na samo a inda ake ginin sababbin azuzuwa. Marafen kwalba suka zama ƙafafu, gwangwanin madara ya zama bututun hayaƙi, takardar cikin kwalin taba mai ƙyalli ta zama tagogi. Karan da na yi ƙashin jirgin da shi daga darnin maƙwabtanmu na riƙa zarewa ɗaya bayan ɗaya, har sai da muka fara ganin abin da suke dafawa. Na shafe kan jirgin da baƙin tukunya, taragun kuma da shunin Inna. Har fasinjoji na yanka da almakashi na zaunar da su, na ware tarago guda na masu sauka Tsafe.

Abin liƙi kuwa gasarar kokon Inna na ɗiba na dama da kauri. Ta kama takarda kamar an ɗinke. Na shanya jirgin a tsakar gida bayan azahar, na shiga zaure don in ɗan miƙe ƙafa.

Abin da na manta shi ne, a gidan nan kowa na azumi ban da akuyar Inna. Ƙamshin koko ta ji. Da na fito na tarar ta cinye kan jirgin, ta bi taragu, ƙafar wani fasinjan Tsafe tana reto a bakinta. Gwangwani da marafen kwalba kawai ta rage mini. Na bi ta da muciya muka zagaya gidan har na ga taurari da rana tsaka. Inna ta ce kada in kuskura in taɓa mata dabba, ai ni na dafa mata na kuma ajiye mata.

Kawu ya kawo hatsi kasuwa a makon, ya biyo ta gidanmu, Inna ta ba shi labari yana dariya har da riƙe ciki. Na san kafin magariba maganar ta isa Bungudu. Saƙon da ya dawo mini daga taubashina shi ne ya fara wasa haƙoransa.

Azumi ya yi nisa, na sake tara kaya, amma akuyar tana biye da ni duk inda na sa ƙafa, tana kallona kamar mai jiran ƙari. Ina cikin wannan damuwa na ga matar yayana, wadda ke yaye ɗanta, ta jiƙa ɓawon maɗaci tana shafawa a nono. Yaron ya kai baki, ya saki, ya tsala ihun da ya tashi tantabarun unguwa. Na ce a raina, wannan yaron da akuyar nan ai halinsu ɗaya. Na roƙe ta sauran ruwan, ta ce in dai ba sha zan yi ba in ɗauka. Da shi na dama sabuwar gasara, na kuma shafe jirgin da shi ciki da waje. Na miƙa wa akuyar guntun takarda don gwaji. Ta lasa, ta yi atishawa, ta tafi bayan turmi ta juya mini baya. Ba ta sake kula ni ba har yau.

Ranar Sallah, bayan an sauko daga idi, muka shiga mota zuwa Bungudu, jirgina a rarrabe cikin kwando a kan cinyata. A tsakar gidan Kaka na haɗa shi, na ɗaura masa zaren ja, na zuba rairayi a gwangwanin, na ɗora garwashi da ɗan turaren wuta. Yara suka cika gidan, mata suka leƙo ta katanga. Ina shirin jan zare sai na ji kukan awaki. Taubashina ne ya kwance duk awakin gidan, har da bunsurun maƙwabta, ya koro su kan jirgina yana cewa fasinjoji ne suka zo shiga.

Ni kuwa ban taɓa gwada maganin a kan bunsuru ba. Shi ya fara isa. Ya sa harshe a taragon farko, ya ɗaga leɓe sama, ya ja da baya, ya fita da gudu har ya ture tulu. Sauran suka lasa suka bi shi. Ni kuwa na ja zarena, jirgi ya taho yana hayaƙi, ina yi masa kuka da baki, har bakin tabarmar Kaka.

Ta daɗe tana dubansa. Ta shafa tagogin da yatsa, ta leƙa fasinjojin, ta tambaye ni inda suke alwala in tafiya ta yi nisa. Na nuna mata murfin kwalbar da na manna a tarago na ƙarshe na ce ga butarsu. Ta yi dariya har ta share hawaye da gefen zane.

Taubashina bai yarda ba. Ya ce asiri na yi wa awakin, ya tsuguna ya sa harshensa a rufin jirgin don ya gane wa kansa. Fuskarsa ta tattare kamar busasshiyar kuɓewa. Ya kuskure baki da buta guda, ya ci dabino, ya sha fura, ɗacin yana nan.

Kaka ta jawo akushi ta buɗe.

"Maigida, matso. Aure na nan."

Na ci cinyar a hankali, a gabansa, ina tsotsar ƙashi. Da ta miƙa masa fuffukensa ya gatsa ya ce shi ma maɗaci ne, sai na taimaka masa da shi.