Madubi a Kabad, Wake a Taga

Sunanta na yanka ya daɗe da ɓacewa a makarantar. Malama Mai Kwalabe kowa ke ce mata. Tun tana budurwa take koyar da 'yan aji uku, har furfura ta sauka mata. Tagar ajinta ba ta rabuwa da kwalabe, kowane yaro da tasa, da jiƙaƙƙiyar auduga da ƙwayar wake a ciki. A wurinta, abin da yaro bai taɓa da hannunsa ba, labarinsa kawai ya ji.

A shekararta ta ƙarshe kafin ritaya aka kawo wa makarantar kayan kimiyya, har da madubai masu ƙara girman abu. Hedimasta ya jera su a kabad mai gilashi a ofishinsa, ya danna kwaɗo. Baƙi in sun zo a nuna musu, su gyaɗa kai, su tafi.

Wake ya tsiro. Saiwa ta fito da 'yan gasu sirara kamar raɓa, waɗanda da su take shan ruwa, kuma in an yi jinkiri su yanƙwane. Su take so yaran su gani. Ta nufi ofis.

"Ranka ya daɗe, aron madubi ɗaya na zo."

"Haba Mama, a hannun yara? Kafin a tashi sun farfasa."

"To don wa aka kawo? Don gizo-gizo?"

"In masu duba makarantu suka tarar babu ɗaya, ni za a tuhuma."

"Kai ɗin nan? Kai da na zaƙulo wa wake daga hanci a wancan ajin? Na hana ka kwalba washegari?"

Ya yi dariya, ya sosa ƙeya, amma makulli bai bar aljihu ba.

Ta fito zuciyarta na tafasa. Wannan wace irin ajiya ce, a tsare gilashi a bar yara da zanen alli? Madubi yana can yana ƙyalli ba ya kallon komai, idanu masu ƙishi suna nan suna jira!

Tana shiga aji ta zare tabaraunta na karatu, mai kaurin gindin kwalba, ta miƙa wa yarinyar da ke gaba.

"Riƙe shi nesa da ido kaɗan. Me kika gani?"

"Malama! Saiwar gemu gare ta!"

Aji ya kaure. Tabarau ya bi hannu-hannu, ya sha maiƙo, ya sha faɗuwa. Kafin ya dawo, ƙafa ɗaya ta karye, ido ɗaya ya tsage. Amma kowa ya ga gemun.

Da zare ta ɗaure shi, haka ta ƙarasa shekarar, tana kallon duniya ta cikin tsaga. Ranar sallama Hedimasta ya kira ta ofis ɗaukar hoto, a gaban kabad. Madubai na nan cif, ko tabon yatsa babu.

"A nan ba zan tsaya ba," in ji ta. "Mai son hotona ya same ni a taga."