Akori-kura Biyu da Man da Ke Ɓacewa

Mun tashi da asuba daga Samaru, ni dai ba da son raina ba. Motocin akori-kura biyu mahaifinmu ya bar mana, fara da shuɗiya, muna kai masara kasuwa da su. Kullum a gidan mai ɗaya ake cika su, amma shuɗiyar ta fi shan mai nesa ba kusa ba. Yayana ya ce ba shakka dattijon da ke tuƙa ta ne ke zuƙe man yana sayarwa, kuma zai sallame shi. Mutumin da ya kai ni makaranta ina ƙarama! Shi ne aka ce in shiga gaban motarsa in sa ido. Kunya kamar in nutse.

Farar, wadda wani magidanci marar yawan magana ke ja, ta wuce mu tun kafin mu bar Samaru. Mu kuwa mun tsaya gaida wani tsohon malami. A Hanwa muka sake tsayawa, muka ɗauki tsofaffin mata biyu na cocinmu da kwandunan alayyafo, aka gaisa tun daga gajiya har kan jikoki. Na sayi ƙosai a bakin titi, ya ƙanƙance kamar goro, mai tuya ta ce laifin tsadar mai ne. Komai yanzu laifin mai ne.

A Sabon Gari, ana sauke buhuna, na zagaya neman dalili, idona na kan motar. Bakanike ya ce injin shuɗiyar ya fi girma, dole ta fi ci. Mai faci ya danna tayar da ƙafa ya ce iska ce ta yi ƙasa. Wani ɗan kudu mai kayan gyara ya nuna kejin ƙarfen da aka yi mata walda a baya, ya ce shi ke tare iska, kuma nauyi ne. Wani da ba wanda ya tambaye shi ya ce ramukan hanyar Basawa ne. Kowa ya rantse nasa ne daidai, kuma kusan kowa na da abin da zai sayar mini. Na ci shinkafa da miya a rumfar wata Bayarabiya daura da motar, kaina na juyawa.

Sai a Basawa, da muka tsaya yi wa wasu ta'aziyya, na lura motar na ta kuka a waje ba kowa a ciki. Na tuna tun safe ban ji an kashe ta ba.

"Baba, ba za ka kashe ta ba?"

"In na kashe, wa zai tura, Malama? Batirin ya mutu tun damina. Ga shi ba a wuce mutane ba gaisuwa."

To yanzu wanne ne? Injin, taya, keji, batir, ko gaisuwa? Har muka biyo ta Jushi ina lissafi ban gano ba. Abu ɗaya na tabbatar: yini guda ina manne da shi, ko murfin tankin bai taɓa ba, kuma man ya sauka kamar kullum.

Da la'asar muka iso gida. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne mota kan sha mai ta hanyoyi da yawa, mu kuma hanya ɗaya muka zarga. Yaya na tsaye a ƙofa yana jiran rahotona, fuska a ɗaure. Dattijon ya sauko ya fara: ina wuni, ina gajiya, yaya iyali, yaya ƙafar Mama. Yaya ya rusuna yana amsawa ɗaya bayan ɗaya, shi ma ya shiga tambayar mutanen gidan dattijon. A bayansu injin na ta ci.

Na jira suka gama, na nuna motar na ce, "Yaya, ga inda man ke zuwa. Ka sayi batir, ka bar mana Baba."