Turancin Hajo Mai Nono

Tsofaffin Haɗejiya da suka san Hajo mai nono suna tuna ta da abu biyu. Man shanunta ba shi da gauraye, kuma ta iya wani irin Turanci da ko malaman elementare ba sa ji. Yaren mutanen Danmak ne.

Hajo Bafillatana ce, amma kakanninta sun daɗe da zama a gari. Mijinta Garba yana da 'yan shanu a fadama. Ɗanta na fari Hamman ne, sai dai ba ta taɓa furta sunan ba. Haka al'ada take: uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yabonsa, ba ta nuna tana son sa. In za ta yi zancensa sai ta ce "wancan". In ta dama masa fura, ƙanwarsa ce ke miƙa masa.

Wata damina, 'yan shekaru kafin Turawa su bar mulki, kogi ya cika ya shanye fadama. Hamman, wanda gemu ya fara fito masa, yana hayewa da shanu a mashigi, riƙe da wutsiyar bijimi kamar yadda makiyaya ke yi. Wutsiyar ta suɓuce masa. Washegari masunta suka tsamo shi. Mata suka cika gida da kuka, Hajo tana zaune tana amsa gaisuwa, idonta a bushe. Kowa ya yaba alkunyarta.

A bayan gari akwai wani Bature mai sayen fata, mutumin Danmak, da matarsa Inga, wadda ta ɗan iya Hausa. Inga ta san man shanu. Da ta lakata a yatsa za ta gane na yau ne ko na jiya. Saboda haka wurin Hajo kaɗai take saye. A kan teburinta akwai hoton wani yaro da ta baro a ƙasarsu yana makaranta. Takan ɗauki hoton ta sumbace shi, ta kira sunansa, ta ce "min dreng", wato yarona. Ranar da Hajo ta fara gani, kawar da kai ta yi, kunya ta kama ta a madadin matar.

"Uwargida, ɗan fari ne?"

"Shi kaɗai ne ma."

"Kuma kike kiran sunansa haka, a fili?"

"To sunan wa zan kira?" in ji Inga.

Hajo ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi. Da ta komo kawo mai, ta ce, "Koya mini yadda kike masa magana."

Abin bai zo da sauƙi ba. Bahaushe yakan buɗe baki ya kai kowace kalma ƙarshenta. Su kuwa a maƙogwaro suke magana, su haɗiye rabin kalma. Inga takan ɗora hannun Hajo a wuyanta don ta ji inda sautin ke tasowa. Akwai wanda sai an tsuke leɓe kamar za a yi wa shanu fito. In Inga da mijinta suna hira kuwa, kamar ana tsiyaye ruwa daga gora, ba a sanin inda kalma ta ƙare wata ta soma. Hajo takan zauna a bakin ƙofa ta kasa kunne, yadda takan bambance kukan saniyarta a cikin garke, har ta fara tsinto kalmomin da ta sani. Abu ɗaya ya ba ta dariya: su ma suna ƙara wa suna ɗan wutsiya. Yadda ake cewa yaro da yaron, haka suke cewa dreng da drengen.

A hanya take bita, ƙwarya a ka. Ƙawarta Larai mai bandar kifi ta sa ta gaba.

"Hajo, ƙayar kifi ce ta maƙale miki? Tsaya in buga miki baya."

"Ke dai tafi, jahila."

"Ni ce jahila? Ki bari Garba ya ji, ya ce matarsa ta koma kwaɗo!"

Ana haka labari ya zo cewa mai fata zai koma ƙasarsu. Hajo ta iya gaisuwa, ta iya sunan mai da nono da ruwa, amma abin da ya kawo ta ba ta tambaya ba tukuna. Ranar da ta ga ana ɗaure akwatuna ta ce wa Inga, "In mutum ba ya nan, kina kewarsa, yaya kuke ce masa?"

"Wa kike kewa?"

Hajo ta dubi ƙasa. Inga ba ta ƙara tambaya ba. Ta bar kayan ta zauna a tabarma, ta riƙa maimaita mata kalmomin a hankali har suka zauna a bakinta.

Bayan tafiyarsu, da rani, kogi ya janye har ana haye shi da ƙafa. Wata safiya Hajo da Larai suna tsakiyar mashigin nan, ruwa iya gwiwa, Hajo ta tsaya. Ta yi wa mamaci addu'a kamar kullum. Sannan ta dubi ruwan ta ce, "Min dreng. Hamman. Yai sauna dai." Yarona, Hamman, ina kewarka. Sunan ya fito ta maƙogwaro, ƙarshensa a haɗiye, amma sunan ne. Hawaye suka biyo baya.

Sai ta tuna ba ita kaɗai ba ce. Ta juyo ta dubi Larai. In maganar nan ta shiga gari, za a ce ta zubar da kunyarta.

Larai ta gyara ɗaurin zanenta, tana kallon wani gefe.

"Kin dame mu da Turancin nan naki. Ni ko kalma ɗaya ban ji ba. Mu je, rana za ta narkar miki da mai."

Hajo ta tsufa a Haɗejiya. Gaisuwar ta ɓace mata, sunan mai da nono ma haka. Amma duk ranar da ta haye mashigin nan takan tsaya a tsakiya ta faɗi abinta, masu wucewa su ce tsohuwa tana Turancinta.