Bangon da Yaya Bukar bai ƙarasa ba

A wannan daminar yayana Bukar, mai fentin gidaje a unguwar Lamisula, ya cika shekara goma sha ɗaya a ƙasa. Ba sananne ba ne. Na rubuta wannan ne don na yi masa laifi a bana, kuma na rasa wanda zan faɗa wa.

Yaya Bukar akwai taurin kai a kan launi. Lokacin da kowa ke son falonsa shuɗi ko ruwan hoda, shi ruwan toka ya sa a gaba, kuma ba na gwangwani ba. Sai ya zuba fari a bokiti, ya ɗiga baƙi, ya ɗebo ja a bakin cokali da ɗan ruwan ƙasa, ya yi ta juyawa yana duban hasken taga. Da ido yake awo, bai taɓa rubutawa ba. In ya shafa, ɗaki yakan yi taushi a ido, jar darduma da koren labule duk su zauna lafiya da juna.

Ranar da ya fara falon Iya, mahaifiyarmu, ta tsaya a ƙofa ta ce, "Bukar, garin nan duk toka ne, an ƙone ko'ina. Ita za ka shigo min da ita ɗaki?"

Ya ce, "Iya, waccan ta gobara ce. Wannan da ɗumi a jikinta, ki bari ta bushe."

Ya gama bango uku. Na huɗu ya kai rabi farin ya ƙare, ya tsoma buroshi a ruwa ya tafi kasuwa. Muna tsakar gida muka ji ƙarar tashin bom a kasuwar. Abin da aka ba mu shi muka binne.

Iya ta hana a taɓa bangon nan. Da idonta ya mutu, kullum da safe takan bi shi da tafin hannu har ta iso ɗan tudun da fentinsa ya tsaya siminti ya fara. Nan take yi masa addu'a.

Yau ruwan toka ya zama yayi. Shagunan unguwar Moduganari da sababbin gidaje duk shi ne. Da yana nan, na san dariya zai yi ya ce duk sun manta jan. Ko kuma ya yi shiru, don gidaje da yawa da ya shafa babu su, masu su ma babu.

Bana aka tashi bikin ƙanwarmu. Dangi suka ce baƙi za su zo, falo kamar kango. Ni da bakina na ce a ƙarasa, ai Iya ba ta gani. Mai fentin da muka kira ya haɗa sau uku bai dace ba, nasa sanyi ƙalau kamar bulo. Don kada bambanci ya fito, ya kankare tudun, ya bi bango huɗun duka ya shafe.

Na ɗauka aikin mutum yana daɗewa bayansa. Na Yaya Bukar ya tsira daga wuta shekara goma sha ɗaya, ni na kashe shi a yini ɗaya. Ina ƙoƙarin tuno launin, yana guje min kamar yadda muryarsa ta guje min.

Washegari Iya ta bi bangon da hannu daga kusurwa zuwa kusurwa, ta dawo ta sake bi. Sannan ta juyo inda take jin numfashina.

"Falmata," ta ce, "ina yayanki ya tsaya?"

Har yau kullum da safe tana nema.